Eka ko hekta? Yadda ake auna ingancin bayanin kayan aikin manhajojin AI

Manyan kamfanonin fasaha na duniya sun duƙufa wajen ƙera manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, waɗanda aikinsu ya wuce amsa tambaya. Akan aike su ne kamar yadda ake aiken yaro, su duba hasashen yanayi, su nemo farashi, su yi lissafi, har ma su tura kuɗi a madadin mutum.

To sai dai masu ƙera su sun gano cewa, sau da yawa, nasara ko kuskuren irin wannan ɗan aike ya ta'allaƙa ne a kan 'yan layukan rubutu da mai amfani da manhajar ba ya ganinsu, wato bayanin da aka rubuta game da kowane kayan aiki da aka miƙa wa manhajar.

Batun dai ya yi kama da na injiniyoyin kwamfuta zalla, amma ya shafi duk wanda wata rana zai tambayi wayarsa buhu nawa na taki zai saya, kamar manoman ƙaramar hukumar Ungogo da ke Jihar Kano.

Mene ne kayan aiki, mene ne bayaninsa?

Manhajojin hira irin su ChatGPT da Claude da Gemini an gina su ne a kan tulin rubuce-rubucen da aka horar da su da shi. Su kaɗai ba su san ko za a yi ruwa gobe a Kano ba, ba su kuma san farashin dawa na yau a kasuwar Dawanau ba.

Domin su san irin waɗannan abubuwa, sai an haɗa su da wasu ƙananan manhajoji, kowace da aikinta. Waɗannan ne ake kira kayan aiki.

Manhajar AI ba ta ganin abin da ke cikin kayan aikin. Abin da ake nuna mata shi ne sunansa, da ɗan bayani kan abin da yake yi, da jerin gurabun da za ta cike kafin ya yi aiki, alal misali gurbin sunan gari ko na girman gona.

Da wannan rubutu kaɗai take yanke shawarar wane kayan aiki za ta ɗauka, da me za ta zuba a cikinsa, da kuma yadda za ta fassara amsar da ya ba ta.

Ana iya kwatanta lamarin da baƙon da aka shigar shagon magungunan feshi, kwalabe jere a kanta, aka ce ya sallami masu saye. Idan rubutun jikin kwalba ya fito sarai, zai yi daidai. Idan kuwa ya dushe ko ya yi harshen damo, zai ɗauko maganin ciyawa a maimakon na ƙwari, kuma ya miƙa shi da cikakken ƙarfin gwiwa.

Daga ina abin ya faro?

A watan Fabrairun 2023 ne masu bincike na kamfanin Meta suka wallafa wani aiki mai suna Toolformer, wanda ya nuna cewa manhajar harshe za ta iya koyon kiran na'urar lissafi da injin bincike da kanta.

A watan Yunin wannan shekarar kuma kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu gina manhajoji hanyar bayyana wa manhajarsa kayan aikinsu a rubuce, domin ta riƙa zaɓa tana kira.

Sai a watan Nuwambar 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna Model Context Protocol, ko MCP a taƙaice, wadda ta tsara yadda za a riƙa haɗa manhajojin AI da kayan aiki. OpenAI da Google sun rungume ta a 2025, kuma a watan Disambar shekarar aka miƙa kula da ita ga wata gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation.

Wannan ya sa yanzu kusan duk mai iya rubuta manhaja zai iya gina kayan aiki ya rubuta masa bayani, kuma dubban irinsu na nan a intanet. Ingancinsu kuwa ya bambanta ƙwarai.

Me ya haɗa wannan da Ungogo?

Ungogo, wadda ke arewa da birnin Kano, na da mutane sama da dubu 360 a ƙidayar 2006. Tana cikin yankin da masana ke kira kewayen Kano mai cunkoson manoma, kuma a gundumar ce Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka gudanar da binciken da suka wallafa a 1965 kan ƙasa da jama'ar wannan yanki.

Noman irin wannan wuri noma ne na ƙananan gonaki da ake nomawa kowace shekara ba hutu. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gauraye suke a gona ɗaya, kuma tun da daɗewa manoma ke raya ƙasar da takin dabbobi da wanda ake kwasowa daga birni.

A yau faɗaɗar birnin Kano ta fuskar Bachirawa da Rijiyar Zaki da sauran unguwanni na ƙara matse filayen noma, ga kuma tsadar takin zamani da ta ƙaru bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine a 2022 da faɗuwar darajar naira daga 2023.

Manomin da ke cikin wannan hali ba shi da rarar da zai yi asara. Buhun taki ɗaya da aka saya ba bisa buƙata ba, ko shuka ɗaya da ta ƙone, na iya taɓa abincin gidansa na shekara.

Ba da shawarar noma ta waya kuma ba baƙon abu ba ne a jihar. An gwada manhajar RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice, wadda ke lissafa wa manomi takin da ya dace da gonarsa, a gonakin shinkafa na Jihar Kano. A irin wannan tsari malamin gona ne ke riƙe da wayar yana cike gurabun. Sabon salon shi ne manhajar AI ta maye gurbinsa wajen cikewar.

Eka biyu, buhu nawa?

A ɗauka wani manomi a Rangaza ya tambayi manhaja cewa yana da gona eka biyu, buhu nawa na yuriya zai saya.

A ɗauka kuma kayan aikin lissafin taki na da gurbi mai suna "girma", kuma bayaninsa bai faɗi ma'aunin da yake so ba, alhali wanda ya gina shi hekta yake nufi. Manhajar za ta rubuta 2 ta wuce.

Hekta ɗaya kuwa ta kusa eka biyu da rabi. Idan, alal misali, lissafin ya ginu a kan buhu biyu a kowace hekta, za a ce wa manomin ya sayi buhu huɗu, alhali gonarsa ba ta ma cinye buhu biyu ba.

Kuskuren na iya zuwa ta ɗaya ɓangaren. Kashi 46 cikin ɗari na yuriya ne sinadarin naitirojin, don haka buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23 ne na sinadarin. Idan kayan aikin ya mayar da amsa "46", yana nufin kilo 46 na naitirojin, wato buhu biyu cif, amma bayaninsa bai faɗi haka ba, manhajar na iya ce wa manomin kilo 46 na taki ya ishe shi. Wannan bai kai rabin abin da ake nufi ba.

A duka misalan biyu lissafin daidai yake, manhajar ma ta bi abin da aka rubuta mata. Jimla ɗaya da ba a rubuta ba ce ta jawo ɓarnar.

Ko manyan hukumomi sun taɓa faɗawa irin wannan rami. A watan Satumbar 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja na fitar da alƙaluma da ma'aunin fam, yayin da wadda ke karɓa take ɗaukarsu a matsayin ma'aunin mita da kilo.

Wace Kadawa?

Sunayen wurare ma wani tarko ne. Akwai mazaɓar Kadawa a Ungogo, akwai kuma Kadawa ta yankin noman rani a kudancin birnin Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir.

Haka nan akwai mazaɓar Zango a Ungogo, akwai ƙaramar hukumar Zango a Jihar Katsina kusa da iyakar Nijar, ga kuma Zangon Kataf a kudancin Kaduna, inda damina ke faɗuwa da wuri kuma ta daɗe.

Bayanin da ya ce kawai "rubuta wuri" ya bar ƙofa a buɗe. Mai inganci zai ce a rubuta jiha da ƙaramar hukuma, ya kawo misali, sannan ya umarci manhajar ta tambayi mutumin idan sunan ya dace da wuri fiye da ɗaya. Hausawa dai na cewa matambayi ba ya ɓata.

Matsala ta uku ita ce kayan aiki biyu masu kama da juna. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da lokacin ɗaukewarsa. Tana kuma fitar da hasashen 'yan kwanaki.

Idan aka gina kayan aiki biyu a kan waɗannan, aka rubuta wa kowanne "yana ba da bayanin yanayi", manhajar da aka tambaya lokacin shukar gero na iya ɗaukar na 'yan kwanakin, ta ga za a yi ruwa jibi, ta ce a shuka. Duk manomi kuwa ya san ruwan farko kan zo ya ɗauke na makonni, iri ya ƙone a rami.

Me ake dubawa a cikin bayani?

Mataki na farko na auna inganci shi ne karanta bayanin da idon baƙo. A shawarwarin da ya wallafa a watan Satumbar 2025, kamfanin Anthropic ya ce a rubuta bayanin kamar ana yi wa sabon ma'aikaci ne, wanda bai san komai ba game da al'adar wurin aiki.

Daga nan masu dubawa kan yi wa rubutun wasu tambayoyi.

Shin ya faɗi abin da kayan aikin ke yi, da lokacin da ya kamata a ɗauke shi, da lokacin da bai kamata ba?

Shin sunan kowane gurbi na da ma'ana ɗaya tak? "Girman gona da hekta" ya fi "girma" nesa ba kusa ba.

Shin ya bayyana siffar amsar da zai mayar, da ma'auninta, da ranar da aka tattara bayanan? Farashin makon jiya ba na yau ba ne.

Shin ya faɗi iyakarsa? Kayan aikin da aka gina domin gonar masara zalla ya kamata ya faɗi haka, domin shawararsa ba lallai ta dace da gonar gero da wake a gauraye ba.

Shin ya nuna ko aikinsa dubawa ce kawai, ko kuwa yana aikata abin da ba a iya warwarewa, kamar tura kuɗi ko yin odar kaya?

Sannan idan an samu kuskure, shin saƙon da yake mayarwa na nuna hanyar gyara, ko kuwa wata lamba ce kawai da ba ta gaya wa kowa komai?

Gani ya kori ji

Karatu kaɗai bai isa ba, domin wanda ya rubuta bayani shi ne mutum na ƙarshe da zai ga giɓinsa, tun da abin da ya manta bai rubuta ba yana nan a kansa. Don haka hukunci na gaskiya yana wurin gwaji.

Yadda ake yi shi ne a tara tambayoyi masu yawa irin waɗanda mutane ke yi a zahiri, kowace da amsar da aka tabbatar. Sai a sakar wa manhajar, a ƙirga sau nawa ta ɗauki kayan aikin da ya dace, sau nawa ta cike gurabun daidai, da sau nawa ta kai ga amsar ƙarshe.

Daga nan a canza jimla ɗaya a cikin bayanin, a sake gwajin, a ga ko an samu ci gaba ko koma baya. Akan kuma ɓoye wani kaso na tambayoyin sai a ƙarshe, domin kada a yi ta gyaran bayani har ya dace da jarrabawar kawai.

Dole ne a karanta yadda manhajar ta bi ta kai ga amsa, domin a nan ake kama ɗabi'un da ba a zata ba. Anthropic ya ce lokacin da ya fitar da kayan aikin bincike a intanet, ya lura manhajarsa na liƙa 2025 a ƙarshen kalmomin bincike ba gaira ba dalili, abin da ke karkatar da sakamako. An magance matsalar ne ta hanyar gyara bayanin kayan aikin.

Tun a watan Disambar 2024 kamfanin ya bayyana cewa, a wani aikin gwajin gyaran manhajoji, lokacin da ya kashe wajen kyautata kayan aiki ya fi wanda ya kashe wajen rubuta babban umarnin manhajar.

Akwai kuma ma'aunai na kowa da kowa. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ƙaddamar da wani jadawalin gwaji a 2024, wanda ke jera manhajoji bisa ƙwarewarsu wajen kiran kayan aiki. Daga cikin abin da yake aunawa har da ko manhaja za ta iya kame hannunta idan babu kayan aikin da ya dace da tambayar, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani gwajin mai suna tau-bench, na kamfanin Sierra, ya fito da wani darasi a 2024. Manhajar GPT-4o, wadda ke sahun gaba a lokacin, ta kasa cin rabin ayyukan da aka ba ta, kuma da aka maimaita mata aiki ɗaya sau takwas a ɓangaren kasuwanci, ƙasa da kashi 25 cikin ɗari ne ta ci a dukkan karo takwas ɗin.

Manhajoji sun ci gaba sosai tun daga lokacin, amma darasin na nan: nasara sau ɗaya ba hujja ba ce, sai an maimaita.

Ina matsayin Hausa?

Akasarin bayanan kayan aiki da Turanci ake rubuta su, haka ma akasarin tambayoyin gwaji. Manomin Ungogo kuwa da Hausa zai yi magana, kuma watakila da murya.

A tsakanin maganarsa da gurbin da za a cike akwai fassara, kuma a nan ma'ana kan zube. Kalmar "taki" na iya nufin na dabbobi ko na zamani. Buhun taki kilo 50 ne, na hatsi kuwa ya fi haka nesa. Kwano da mudu da tiya ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa. Da yawa ma ba sa auna gona da eka, sai dai su kwatanta ta da damin da take bayarwa.

Bayani mai inganci a irin wannan wuri zai ambaci waɗannan ma'aunai, ya kuma hana manhajar yin hasashe idan ba ta tabbatar ba. Gwaji mai inganci kuma zai ƙunshi tambayoyin da aka ji daga bakin manoma, da karin harshensu da gajerce maganarsu.

Najeriya ta fara ɗaukar mataki ta fuskar harshe. A watan Satumbar 2025 ministan sadarwa da tattalin arziƙin zamani, Bosun Tijani, ya sanar da manhajar N-ATLAS, wadda aka gina da haɗin gwiwar kamfanin Awarri domin Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin Najeriya.

To amma jin Hausa daban, sanin cewa Kadawa biyu ce daban. Wannan sani yana wurin malaman gona na hukumar KNARDA, da masana na Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da kuma su kansu manoman.

Guba a cikin bayani

Ba kuskure ne kaɗai abin tsoro ba, akwai kuma ha'inci. Tun da manhaja na ɗaukar bayanin kayan aiki a matsayin abin bi, mai mugun nufi na iya cusa umarni a cikinsa.

A watan Afrilun 2025 kamfanin tsaron intanet na Invariant Labs da ke Switzerland ya nuna yadda hakan ke yiwuwa. Ya gina wani kayan aiki da a zahiri tara lambobi biyu kawai yake yi, amma a cikin bayaninsa an ɓoye umarnin da ke sa manhajar ta karanto fayilolin sirri na mai kwamfutar ta tura su waje, ba tare da ya ankara ba.

Kamfanin ya kuma ja hankali cewa ana iya canza bayanin bayan mutum ya riga ya amince da kayan aikin.

Saboda haka auna inganci ya haɗa da duba ko rubutun ya yi daidai da abin da kayan aikin ke yi a zahiri, ko yana neman bayanan da aikinsa bai buƙata ba, da kuma sake dubawa duk lokacin da aka taɓa shi.

Ga manomin da lambar wayarsa ke haɗe da asusunsa na banki, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan mutane alhakin kiyaye su.

Abin da za a tambaya

Mai amfani da waya ba zai iya buɗe waɗannan bayanai ya karanta ba, amma yana da hanyar gane alamunsu. Manhajar da ta tambayi eka ake nufi ko hekta, ta faɗi inda ta samo farashi da ranarsa, ta kuma nemi izini kafin ta taɓa kuɗi, ta nuna an yi mata shiri mai kyau. Wadda ke amsa komai nan take ba tare da tambaya ba, a yi hattara da ita.

Su kuwa hukumomi da ƙungiyoyin da za su sayi irin wannan fasaha domin manoma, suna da damar neman ganin sakamakon gwaji kafin su sa hannu: tambayoyi nawa aka gwada, da wane harshe, wa ya rubuta su, sau nawa aka maimaita, kuma a ina manhajar ta faɗi.

Idan babu sunan gari ɗaya na Kano ko ma'auni ɗaya na kasuwar Dawanau a cikin tambayoyin, to ba a gwada manhajar domin manomin Ungogo ba tukuna.